Ƙaron ɗakwara a ɗakin awo: yadda ake binciken sukarin da ke manne da furotin

0. Gabatarwa

Wannan ƴar maƙala ta samo asali ne daga wani aikin tattara kalmomi da muka yi a Zermu, gabas da birnin Damagaram, cikin gundumar Mirya. Sunayen itatuwa muke nema, da na abin da ake samu a jikinsu. Da muka iso kan kalmar « ƙaro », wani malamin allo mai haɗa tawadarsa da kansa ya ƙi yarda mu rubuta ta ita kaɗai. Ya ce sai mun faɗi ƙaron wane icce muke nufi, domin na ɗakwara daban, na bagaruwa daban, kuma shi ba ya dama gawayinsa da kowanne ya samu. Mun rubuta maganarsa a gefen takarda, muka wuce.

Daga baya, sa'ad da muka zo neman abin da za mu sa gaban kalmar a Faransanci, muka tarar « gomme arabique » ita ma tana da tata rigimar, kuma a ɗakunan awon kimiyya aka yi yawancinta. Wannan ya tilasta mana karanta aikin masana kimiyyar haɗe-haɗe, ko da yake ba fagenmu ba ne. A nan za mu bayyana hanyoyin da suke bi wajen binciken ƙaro, musamman sarƙoƙin sukari da ke manne da furotin a cikinsa, saboda a kan wannan mahaɗa ne darajar ƙaron da ake tsinkowa a dazukan Gure da Maine Sorowa ta rataya.

1. Kalma ɗaya, itatuwa da yawa

A Hausa, ƙaro shi ne duk wani danƙo da ya tsattsafo daga jikin icce ya daskare. Idan ana son bambancewa sai a yi amfani da ɗafi na mallaka: ƙaron ɗakwara, ƙaron dushe, ƙaron bagaruwa, ƙaron marke, ƙaron ciriri. Dalziel ya tattara sunayen irin waɗannan itatuwa tun cikin ƙamus ɗinsa na tsirrai na 1916. Biyun farko su ne suka shafi kasuwar duniya. Ɗakwara ita ce masana tsirrai suka daɗe suna kira Acacia senegal, dushe kuwa Acacia seyal. Tun bayan tarurrukan 2005 da 2011, inda aka bar wa itatuwan Ostareliya sunan Acacia, na farko ya koma Senegalia senegal, na biyu Vachellia seyal. Amma ƴan kasuwa da masu awo na nan riƙe da tsofaffin sunaye, mu ma su za mu bi.

Ƙaron ɗakwara yana fitowa dunƙule-dunƙule, da tauri, yana ɗaukar ido kamar gilashi. Na dushe yana da saurin marmashewa. Faransawa suna ce da na farko mai tauri, na biyu mai gautsi. A Sudan, wadda ta fi kowace ƙasa samar da shi, « hashab » da « talha » ake cewa. Kowane harshe dai ya ga bambancin da ido. Abin da ido ba ya gani shi ne dalilinsa, kuma idan aka daka ƙaro ya zama gari, ko aka cuɗa iri biyu cikin buhu ɗaya, idon ma ba ya da sauran ta cewa.

2. Abin da mai saye ke biya

Masana'antun lemon kwalba da na alewa ne suka fi sayen ƙaro, inda yake ɗauke da lamba E414. Aikinsa a lemo shi ne hana man ɓawon lemo rabuwa da ruwa ya taso sama. Wasu danƙo da yawa suna kaurara ruwa, amma kaɗan ne ke iya riƙe ɗigon mai cikin ruwa na tsawon watanni. Ƙaron ɗakwara yana iyawa.

In aka auna shi, kusan dukkansa sukari ne, amma ba irin na shayi ba. Ƙananan ƙwayoyin sukari ne iri huɗu da aka ɗinke da juna dubbai: galaktoz wajen kashi 44 cikin 100, arabinoz wajen 27, asid gulukuronik wajen 15, ramnoz wajen 13. (Ita arabinoz daga sunan ƙaron nan a harsunan Turai ta samo nata.) Furotin bai wuce wajen kashi 2 cikin 100 ba. An daɗe ana ɗaukar wannan ɗan furotin a matsayin datti da ya biyo ƙaro daga ɓawon icce. A 1988 Randall, Phillips da Williams, a ƙasar Wels, suka nuna cewa wani ɗan ƙaramin rabo ne kawai na ƙaro ke mannewa jikin ɗigon mai, kuma shi ne rabon da ya fi yawan furotin. Da aka sa anzim mai yanka furotin, ƙaron ya rasa ƙarfin riƙe mai. Bayanin shi ne furotin ɗin yana son mai, sai ya kwanta a kansa. Sukarin da ke manne da shi yana son ruwa, sai ya miƙe waje ya hana ɗigo biyu haɗuwa. Ke nan mai saye a Faransa ko Amurka, ko ya sani ko bai sani ba, kuɗin wannan mahaɗa yake biya.

3. Awo biyu na farko, da rigimar ma'ana

Awon da ya fi sauƙi shi ne na juya haske. Ana narka ƙaro a ruwa, a tace, a zuba cikin bututu, a bi da haske mai fuska ɗaya ta cikinsa, cikin na'urar da ake kira polarimetir. Ruwan ƙaron ɗakwara yana juya hasken zuwa hagu, wajen digiri 30. Na dushe yana juya shi dama, wajen digiri 50. Ɗan lissafi zai nuna amfanin wannan. Idan aka zuba mudu ɗaya na dushe cikin mudu tara na ɗakwara, na'urar za ta nuna wajen digiri 22 hagu maimakon 30. Cuɗanyar da ba wanda zai gane ta a kasuwar ƙauye, cikin ƴan mintoci ake gane ta a can.

Awo na biyu shi ne na azot, ta hanyar da Kjeldahl ya fito da ita a 1883. Tun da furotin ne ke ɗauke da azot, sukarin nan kuwa ba ya da shi, yawan azot yana nuna yawan furotin. Galibi ana ninka adadin da 6,25, amma ga ƙaro Anderson na jami'ar Edinbara ya ba da shawarar 6,6. Ƙaron dushe yana da ƙarancin azot, bai fi rabin na ɗakwara ba.

Abin da zai ja hankalin masanin harshe a nan shi ne waɗannan lambobi sun taɓa zama ma'anar kalma. A 1990 kwamitin haɗin gwiwa na FAO da OMS mai duba abubuwan da ake ƙarawa cikin abinci, wato JECFA, ya ce ba za a kira danƙo « gomme arabique » ba sai juyin haskensa ya faɗa tsakanin digiri 26 da 34 hagu, azot ɗinsa kuma tsakanin 0,27 da 0,39 cikin 100. Da wannan jimla ɗaya ƙaron dushe ya fita daga sunan, tare da abincin duk masu tsinkarsa a Cadi da Sudan da Nijeriya. Ba a daɗe ba aka janye iyakokin, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 ma'anar ta koma ambaton itatuwan biyu da sunansu. Ba wani sabon awo ne ya nuna cewa ɗakwara da dushe abu ɗaya ne ba. Na'ura ta ci gaba da nuna hagu da dama kamar da; mutane ne suka zauna suka faɗaɗa kalmar. A kasuwa kuwa har yanzu farashinsu ba ɗaya ba ne.

4. Rarrabewa

Awon da muka ambata yana ɗaukar ƙaro dunƙule. Don a san inda furotin yake, sai an rarraba molekil ɗin gida-gida. Ana yin haka da bututu cike da ƴan ƙwayoyi masu kafofi, a zuba ruwan ƙaro ta sama, a riƙa tarbar abin da ke fitowa ta ƙasa. Mun so mu fassara wannan da « tankaɗe », amma akwai tarko: a rariya ƙanana ne ke fara wucewa, a wannan bututu kuwa manya ne ke fara fitowa, saboda ƙananan suna ɓata lokaci wajen shiga kafofin suna fita. Duk wanda zai koyar da abin da Hausa sai ya ja kunnen ɗalibai a kan wannan.

Akwai wani bututu kuma wanda ke riƙe molekil gwargwadon ƙin ruwansa. Da shi ne waɗancan masana na Wels suka raba ƙaron ɗakwara gida uku a 1989. Gida na farko, wajen kashi 88 cikin 100, sukari ne kusan zalla. Na biyu, wajen kashi 10, molekil ɗinsa ƙato ne, nauyinsa kusan miliyan ɗaya da rabi a ma'aunin masana, kuma wajen kashi 12 cikin 100 nasa furotin ne. Shi ake kira arabinogalaktan-furotin, a taƙaice AGP, shi ne kuma mai riƙe mai. Na uku wajen kashi 1 ne, amma kusan rabinsa furotin ne.

Ana tabbatar da kasancewar AGP da wani jan rini da Yariv ya haɗa a 1962. Idan ya gamu da AGP sai su kwanta tare, ja wur. An yi shekara hamsin ana aiki da shi kafin a 2013 wasu masana a Japan su nuna ainihin abin da yake kamawa, wato jerin galaktoz masu ɗaurin 1 da 3 (za mu bayyana wannan a ƙasa). Abin lura kuma, a ɗakunan awo na duniya, idan ana son sanin yawan AGP a saiwa ko fure ko ƙwayar kowane tsiro, ƙaron ɗakwara ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi.

5. Kwance sarƙa

A nan aikin ya fi wuya, kuma a nan za mu daɗe. Furotin jere yake, asid-amine ɗaya bayan ɗaya, ana iya karanta shi daga farko zuwa ƙarshe kamar baƙaƙe a kan layi. Sukari ba haka yake ba. Kowace ƙwayar galaktoz zobe ce mai karbon shida, an ba su lamba 1 zuwa 6, kuma maƙwabciyarta tana iya kama ta a 2, ko 3, ko 4, ko 6, ko a wuri biyu a lokaci guda. Don haka kalmar « sarƙa », wadda muka aro daga Faransanci kamar kowa, tana ɓatar da mai karatu. Abin ya fi kama da icce mai rassa, kowane reshe da nasa rassan. Tambayoyi uku ake yi masa: waɗanne ƙwayoyi ne a ciki, a wace lamba aka ɗaura kowace, kuma wace ce a gindi wace ce a kan reshe. Kowace tambaya da hanyarta, kuma kowace hanya sai ta lalata wani abu kafin ta nuna wani.

Tambaya ta farko da asid ake amsa ta. Ana dafa ƙaro cikin asid tirifuloro-asetik a zafin digiri 121 na awa ɗaya, kamar yadda Albersheim da abokan aikinsa suka tsara a 1967. Ɗaure-ɗauren su tsinke, ƙwayoyin su warwatse, sannan a sauya su yadda za su iya zama tururi, a bi da su ta na'urar rarraba iskoki, a ƙirga kowace. Matsalar ita ce ɗaurin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Na arabinoz yana da rauni ƙwarai: ko dafa ruwan ƙaro aka yi shi kaɗai, tsamin da ke cikinsa ya isa ya kakkaɓe ta. Ɗaurin asid gulukuronik da galaktoz kuwa taurin kai gare shi, yakan tsira daga dahuwar da ta tsinke sauran. Idan aka ƙara wuta don a karya shi, sai ƙwayoyin da suka riga suka saki su fara ƙonewa. Wannan na cikin dalilan da suka sa lambobin da muka kawo a sashe na 2 suke ɗan bambanta daga littafi zuwa littafi, shi ya sa muka riƙa cewa « wajen ». Duk da haka bambancin iri biyun a fili yake: a ƙaron dushe arabinoz ta fi galaktoz yawa, ramnoz kuma ba ta wuce wajen kashi 4 ba.

Tambaya ta biyu tana da hanyar da muke gani ta fi kowace dabara. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin marina ya san cewa idan aka ɗaure wasu wurare na yadi da zare kafin a tsoma shi a baba, bayan an kwance, wuraren da aka ɗaure ne ke fitowa fari. Haka ake yi wa sukari. Tun sarƙar tana haɗe, ana manna wata ƴar alama mai suna metil a kan duk lambar da ba a ɗaura kome a kanta ba. Hakomori ya kyautata hanyar a 1964, Ciucanu da Kerek suka sauƙaƙa ta a 1984. Bayan nan sai a tsinke sarƙar da asid, a duba kowace ƙwaya da na'urar auna nauyin gutsattsari. Lambar da aka tarar ba alama, nan ɗauri yake a da. Galaktoz da ba ta da alama a 3 tana tsakiyar jeri ne; wadda ba ta da ita a 3 da 6 mararraba ce, inda reshe ya fita; wadda ta samu alama ko'ina bakin reshe ce. A ƙaron ɗakwara mararraba suna da yawa sosai, abin da ke bayyana wata ɗabi'a da masu tawada suka sani: ana iya narka ƙaro mai yawa cikin ruwa kaɗan ba tare da ya yi kaurin kunu ba, saboda molekil mai rassa dunƙulewa yake yi, ba ya miƙewa ya sarƙe da maƙwabtansa.

Amma wannan hanya tana ƙirga mararraba ne kawai, ba ta faɗin wace ke bin wace. Don tambaya ta uku ana amfani da dabarar Smith. Wani gishiri mai suna periyodat yana fasa zoben sukari ne idan ya samu lambobi biyu maƙwabta da ba a ɗaure ba. Ƙwayoyin bakin rassa suna da irin wannan wuri, sai su mutu. Galaktoz mai ɗauri a 3 ba ta da shi, sai ta tsira. Idan aka maimaita aikin sau da yawa, ana sassabe iccen ne daga waje zuwa ciki. Da haka Anderson, Hirst da Stoddart suka nuna a 1966 cewa gindin galaktoz ne masu ɗaurin 1 da 3, rassan suna fita daga lamba 6, arabinoz da ramnoz da asid gulukuronik kuma su ne a waje. A yau na'urar maganaɗisu ta RMN tana tabbatar da yawancin wannan ba tare da an fasa kome ba, sai dai tsadarta ba ta ƙananan ɗakunan awo ba ce.

6. Mahaɗar

Saura inda sukari ya kama furotin. A tsirrai kamun iri biyu ne. A na farko sarƙar tana rataye ne a jikin asparajin, kamar yadda take a wani babban furotin na ƙwayar gujiya. Irin wannan yana da sauƙi, domin akwai anzim da ke yanke sarƙar daga gindi a ɗauke ta sukutum a auna. Sai dai a 1991 an nuna a Viyana cewa anzim ɗin da aka saba da shi wajen dabbobi yakan kasa idan sarƙar tsiro tana da fukoz a gindinta, dole a nemi wani da ake samu daga ƙwayar almon.

Ƙaro na cikin iri na biyu, inda sukarin ke kama hidroksiprolin, kuma babu anzim ɗaya da ke cire shi gaba ɗaya. Don haka ake aiki biyu masu kishiyantar juna, duka daga ɗakin awon Lamport a Mishigan. Ɗaurin sukari da hidroksiprolin yana jure ruwan toka mai ƙarfi. Idan aka dafa AGP cikin hidroksid na bariyom, furotin ya daddatse, a samu kowace hidroksiprolin riƙe da nata sukarin, a auna girmansa. Idan kuma furotin ake so, sai a sa asid fuloridirik marar ruwa a sanyin ƙanƙara, hanyar da Mort da Lamport suka bayyana a 1977: yana cinye sukarin ya bar furotin tsirara. Asid ne mai mugun haɗari, yana ratsa fata ya kai ga ƙashi, ba a taɓa shi sai da kayan aiki na musamman. Mai bincike ke nan ba ya taɓa ganin rabin biyu a lokaci guda. Ya sadaukar da furotin ya ga sukari, ya sake ɗibar wani samfurin ya sadaukar da sukari ya ga furotin, sannan ya haɗa hoton a kansa.

Shi ya sa aka samu hoto biyu. Wasu sun ce manyan dunƙulen sukari ne ƴan kaɗan rataye a jikin furotin, kamar furen bagaruwa a reshe. Qi, Fong da Lamport kuwa, a 1991, sun ce doguwar igiya ce mai asid-amine wajen 400, da ƙananan sarƙoƙi jere a jikinta, suka kira ta murɗaɗɗiyar igiya mai gashi. A 2000 an gano cewa furotin ɗin yana maimaita wani jeri mai asid-amine 19. A namu karatun, wani ɓangare na saɓanin ya zo ne daga cewa ba rabo ɗaya kowane ɗakin awo ya tsamo daga ƙaron ba, ba kuma da hanya ɗaya ba.

7. Komawa ga kalmomi

Fari na 1973 da na 1984 ya kashe ɗakwara da yawa a gabashin Nijar, kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya sa masu saye waiwayar sauran ƙasashen Sahel. Duk wani shiri na wayar da kan masu tsinkar ƙaro zai buƙaci takardu da shirye-shiryen rediyo cikin Hausa da Barbarci da Fillanci. Idan mai fassara ya mayar da « gomme arabique » « ƙaro » kawai, ya gaya wa mai tsinka cewa na marke da na bagaruwa da na ciriri duk suna iya shiga buhun. Na bagaruwa ma yana ɗauke da sinadarin jima, wanda majeman Damagaram ke nema a ƴaƴanta. Ɗigon ruwan gishirin ƙarfe kawai ake sawa a ɗakin awo ya yi baƙi, a mayar da kayan. Idan kuma ya ce « ƙaron Larabawa », ya ƙirƙiro abin da ba wanda ya taɓa gani a daji.

Shawararmu ita ce a bar wa « ƙaro » faɗinsa a ƙamus, a buɗe ƙananan shigarwa a ƙarƙashinsa da sunan kowane icce, a kuma rubuta « gomme arabique » gaban biyu kawai, ɗakwara da dushe, tare da nuna cewa na farkon ne mai tauri. Akwai wuri ɗaya da wannan bai warware ba. Acacia laeta, ƴar uwar ɗakwara ta kusa, ita ma tana ba da ƙaro mai tauri, tana kuma tsirowa tare da ita a dazukan Nijar, masu magana da yawa ba sa raba su da suna. A takardunmu na Zermu suna ɗaya muka samu ga duka biyun. Mun sa alama a wurin, za mu koma da ganye da kwasfar kowace a hannu mu sake tambaya, a Zermu da kuma Gure.